Mutum na Goma Sha Biyu

Shekara biyu da samun 'yancin kai, ina koyar da lissafi a wata firamare a Makarfi, aka aiko daga Kudan cewa jikin mahaifina ya yi tsanani. Na hau keke, na isa bayan la'asar.

A gidanmu idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai salatin da ake taruwa a karanta wa mara lafiya, ƙafa dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu. Da 'ya'yan tsamiya ake ƙirgawa, suna nan cikin wata ƙwarya daidai adadin, a raba wa kowa nasa. Mai rabon ranar Baffa ne, ƙanen mahaifina, wanda tun da aka kai ni boko yake amsa gaisuwata a daƙile. Ni ma ban taɓa ƙaunarsa ba, kuma tsufa bai sa na fara ba.

Mu goma sha biyu ne a zaure. Ya daɗe yana kasawa, kowa ya samu ɗari uku da saba'in, huɗu suka yi saura. Abin da aka saba, wani ya haɗa ragowar da nasa a wuce wurin. Amma bakina ya ƙi rufuwa. A gaban dattawa na shiga yi masa darasi, na ce ko zai kwana yana kasawa ba za ta rabu goma sha biyu ba. Lambar nan huɗu ce sau goma sha ɗaya sau ɗari da ɗaya, ita kuwa ɗari da ɗaya taurin kai gare ta, ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Da mu goma sha ɗaya ne, kowa zai ɗauki ɗari huɗu da huɗu cif. Don in kunyata shi na faɗa, ba don komai ba.

Baffa ya saurara har na gama. Ya miƙo hannu ya kwashe kasona ya mayar cikin ƙwarya.

"Malamin lissafi ya yi gaskiya. Mutum ɗaya ya yi mana yawa. Tashi ka ba mu wuri."

Har liman da ke cikinmu kansa ya sunkuyar. Na fita na zauna a dakalin ƙofar gida, ina jin muryoyinsu suna tashi gaba ɗaya.

Washegari da hantsi mahaifina ya cika. Shekaru na yi ina gaya wa mutane cewa Baffa ya hana ni yi wa ubana addu'a, kuma har yau ban yafe masa ba. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, a dakalin nan ba wanda ya riƙe mini baki. Har aka kira magariba ina zaune ina tsine wa Baffa a zuciyata, salati ko ƙafa ɗaya ban yi ba.