Jirgin Sajo Mai Faci

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a tashar Gagarawa ya san Sajo mai faci, ya kuma san abin da ke rataye a rumfarsa: wani ɗan jirgin sama na soso da falankin kwali, tsawonsa bai wuce hannu ba. Direbobi kan ce masa, "Kyaftin, yaushe za a kai mu Makka?" Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da shafa gam. Mutum ne mai taurin kai irin na shiru, wanda ba ya musu da kowa kuma ba ya fasawa.

Ciwon jirgin nan tun yana kiwo ya kama shi. Wata rana ya zauna yana haɗa jirgin kara, shanu suka faɗa gonar mutane. Wansa Manu ne ya ce shi ya yi sakaci, ya sha dukan a madadinsa, da yamma kuma ya ce, "To, ina jirgin? Mu gani." Yau Manu ya manyanta, yana ruga da 'yan shanun da suka rage, ganinsa kuma yana raguwa. A asibiti an gaya musu irin ciwon da ba ya dawowa ne. Wannan magana ta tsaya wa Sajo a rai. Ya ƙudurta cewa Hamma, kamar yadda yake kiransa, sai ya ga jirgin nan a sama kafin duhu ya rufe.

Komai ya haɗu, har da batirin jirgin da 'yar cajarsa da aka sayo masa daga Kano. Sai dai cajar ba ta da filogi. Wayoyi biyu ne kawai, ja da baƙa, a jikinta an rubuta tana son wuta mai ƙarfin volt sha ɗaya zuwa sha takwas. Daga ina za ta sha?

Sajo ya yi abin da kowa ke yi a ƙauye: ya jona ta kai tsaye da farantin sola. Da rana ta take, wutar ta yi mata yawa, ta hau kuka. Da gajimare ya gifta, ta ɗauke. Ranar Alhamis ya hau mota zuwa kasuwar Maigatari, wajen Dogo mai tsofaffin kayan wuta, mutumin ƙetaren iyaka.

"Ga ta dikoda," in ji Dogo, yana miƙo masa adaftar da ke ba dikodar talabijin wuta. "Sha biyu cif. Wutarta lafiya lau."

Sha biyun gaskiya ne, amma a shagon wani mai janareta da Sajo ya gwada ta, sai ta yi zafi, ta yi ƙauri, ta mutu. A nan ya gane wuta kamar ruwan injin ban-ruwa ce, akwai ƙarfin tunkuɗa, akwai kuma yawa. Ta dikoda tana da na farko, ba ta da na biyu. Abin da cajar ke so shi ne wuta mai nauyi da ba ta rawa, wato batirin mota. Sola ta cika shi, caja ta sha daga gare shi a natse.

Sabon batiri ya fi ƙarfin mai faci. Direbobi kuwa dariya suka yi, wa zai cire batirin motarsa don wasan yara? Batiri ɗaya Sajo ya sani, kuma shi ne wanda ba zai taɓa roƙa ba: na rediyon Manu. Tun da ido ya yi rauni, rediyon nan ne abokin hirarsa daga safe har yamma. A gidansu kuma ƙane ba ya buɗe baki ya nemi abin wansa, kunya ba ta bari. Sajo ya je ruga gaisuwa, ya zauna kusa da batirin, ya yi ta zancen ciyawa da tsadar dusa. Da Manu ya tambayi jirgi, ya ce, "Saura kaɗan, Hamma, wuta ce ba ta zauna ba." Ya tashi ya tafi.

Washegari da hantsi sai ga amalanke a bakin rumfa, Manu a kai, batiri a gabansa an naɗe da buhu.

"Rediyon nan ya ishe ni da surutu," in ji shi, yana kallon wani wajen. "Ajiye mini wannan a wurinka, kar yara su ɓata."

Sajo ya karɓa da hannu biyu. Bai yi godiya ba, don godiya za ta tona abin da wansa ya rufe. Sai ya maƙala wayoyin cajar, ja a ja, baƙa a baƙa. Cajar ta yi ƙara ɗaya ta kama aiki, ba kuka, ba ɗaukewa.

Sajo ya shafe jirgin da jan fenti, don ya lura ja ne Manu ke iya rarrabewa. Bayan an kwashe gero suka fita wata gona a bayan gari da la'asar. Ya tsayar da wansa rana a bayansa, ya cilla jirgin. Ya yi tangaɗi kamar zai sha ƙasa, sannan ya miƙe ya hau.

"Ga shi can! Na gan shi!" in ji Manu.

Sajo bai yarda ba. Ya san wansa, zai iya bin ƙugin injin da kunne ya ce ya gani don kawai ya faranta masa. Sai ya kashe injin daga na'urar sarrafa jirgin da ke hannunsa. Gonar ta yi tsit. Jirgin ya ci gaba da shawagi ba sauti, ya karkata gabas, ya yi kwana a saman wata kuka.

Sajo bai kalli jirgin ba, fuskar wansa yake kallo. Kan Manu ya juya gabas a hankali, ya bi kwanar, ya ɗaga sandarsa yana nuna jan abin har ya sauko cikin kara.

"Me ya sa ya yi shiru?" in ji Manu. "Ko wutar ce ta ƙare?"

Sajo ya goge idonsa da hannun riga. "Akwai wuta, Hamma. Bari in sake tayar maka da shi."