Takardar Yabon Maikano

Maikano mai facin keke ne. Shekara ashirin ya yi yana ƙwanƙwasa ƙarfe a gindin wata tsamiya, a bakin babban lambun da ke gangaren kogin Wudil. Lambun ba ƙarami ba ne: in ka shiga ta wajen Sabon Gari, sai ƙafarka ta yi ƙorafi kafin ka ɓulla ɗaya gefen. Akwai mangwaro da ɗorawa, ga darbejiya jere-jere. Makiyaya na shan iska a ciki ran Juma'a kafin su kora shanu kasuwar kara, mata masu suyar kifi kuma nan suke kafa kaskonsu.

Zamanin soja ba mai taɓa ko reshe, ba don ƙaunar itace ba, don tsoron bulala. Da aka koma mulkin farar hula, sai kowa ya gano ashe yana da 'yanci, kuma abin mamaki, 'yancin wasu da gatari ya zo a kafaɗa.

Ganin haka Maikano ya tara waɗanda abin ya dama: Malam Mudassir na firamare, da Ladi mai kifi, da wasu mutum huɗu. Suka kafa ƙungiyar sa-kai ta kare lambu. Ba ofis, ba hatimi. Duk Asabar su tsince leda, su kewaye ƙananan dashe da ƙaya, su yi ban-ruwa. Mutanen gari suka yi musu kirarin marasa aikin yi.

Wata safiya Maikano ya iso ya tarar da jan fenti a jikin itatuwa, har da tsamiyarsa. Aka ce masa aikin sabon kansila ne, Bilya, wanda shekara biyu baya yake turo tsohon kekensa a yi masa faci. Maikano ya sa hularsa ta Juma'a ya tafi. Ya yi zaman awa uku a benci kafin a ce Honorabul ya samu sarari.

"Baba Maikano! Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya sana'a?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Fenti na gani a lambu."

"Ai ci gaba ne, Baba. Shaguna za a yi wa jama'a. Romon dimokuraɗiyya ke nan."

"To, ranka ya daɗe, romon nan da itacen lambu ake dafa shi?"

Kansila ya yi dariya har da buga tebur, ya ce za a duba. Aka kuwa duba sosai, domin cikin mako guda itace arba'in ya kwanta. Tsamiyar ce ta fara faɗuwa. Ranar Maikano bai ɗauki faci ko ɗaya ba. Ya zauna a kan kututturen, rana na dukan ƙeyarsa, Ladi ta kawo masa abinci ya kasa ci.

Damina na sauka, sai ga sanarwa: kansila zai ƙaddamar da dashen itatuwa, kuma a lambun. Ya zo da babbar riga da masu hoto, ya dasa guda goma a gefen kututturan, ya yi jawabi kan hamada har muryarsa na rawa. Daga nan aka kira Maikano aka miƙa masa takardar yabo. Kafin la'asar awakin Sabon Gari sun cinye dashen goman, su ma ba a bar su a baya ba wajen shan romo.

Maikano ya so ya yar da takardar, amma ya ce bari dai Malam Mudassir ya karanta masa ya ji irin ƙaryar da ke ciki. Malam ya karanta: "Wannan lambu gadon al'umma ne, kuma muddin muna kan kujera ba wanda zai sare ko reshe ɗaya." Ga sa hannun kansila, ga hatimi.

"Malam, maimaita min wurin nan."

Malam ya maimaita.

"Injin nan mai kwafe takarda, zai iya fitar da ɗari biyu?"

Washegari 'yan ƙungiya suka dama koko mai kauri, suka liƙa kwafi a kan kowane jan fenti. Da masu zarto suka dawo ran Litinin, ogansu ya karanta, ya dubi hatimin, ya ce shi ba zai kwana a caji ofis saboda darbejiya ba. Suka loda kayansu suka tafi.

Kansila ya zo da kansa, fuska a murtuke. Sai dai ya tarar da mata masu kifi da makiyaya sun yi dandazo, Ladi na rangaɗa guɗa tana cewa Allah ya ja zamanin mai kare lambu. Ya dubi takardunsa a jikin itatuwa, ya dubi masu ƙuri'a. Nan take ya ɗaga hannu ya sanar cewa dama shi ya ba da umarnin a dakata. Maikano ya fi kowa tafa masa.

Inda aka riga aka sare, shaguna sun tashi, aka rubuta musu Inuwar Jama'a da manyan baƙaƙe. Sauran lambun ya tsira. Maikano ya mai da kayan facinsa gindin wata darbejiya, yana cewa inuwarta ba ta da sanyi, amma ba laifi.

Da aka buɗe jami'a a garin, ɗalibai suka fara zuwa karatu a lambun, wasu suka shiga ƙungiyar. Suka ce dole a rubuta tsarin mulki a yi zaɓe. Asabar uku suna jayayya kan wanda zai zama sakataren yaɗa labarai. Maikano ya ce in sun gama su same shi wajen mangwaron bakin ruwa, ya ɗauki bokitinsa ya gangara.