Ƙwan Tocila da Kunyar Suruki

Shekarun baya, lokacin da fitila mai caji ta fara korar aci-balbal a ƙauyenmu can bayan Ungogo, surukina, mijin autata, ya kama sana'ar haɗa fitilu. Yakan sayo ƙananan ƙwayayen nan da 'yan boko ke kira LED, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba. Kafin ya dasa su sai ya ɗosana kowanne a batir ya duba haskensa: fari tas gwangwaninsa daban, mai ruwan ɗorawa daban, mai dishi-dishi a zubar. Ya ce in aka gauraya su a fitila ɗaya, hasken dabbare-dabbare yake fitowa.

Ni kuwa na taɓa firamare har aji huɗu, kuma ni ke zaɓen irin gyaɗa duk damina. Na ce wannan aikin masana ne, a ba ni tabarma.

Na zauna a zaure ina tantancewa. Duk wanda na kunna, ruwan ɗorawa. Gwangwanin fari wayam. Na yanke hukunci cewa masu ƙera kayan yanzu ba sa tsoron Allah. Surukina ya durƙusa, kai a ƙasa, ya ce haka ne Baba. Ashe in na tafi La'asar sai ya juye gwangwanin ya sake aikin daga farko. Wane suruki ne zai ce wa uban matarsa idonsa ya tafi? Da ta kunyarsa aka bi, da yanzu jagora ake yi mini.

Autata, wato matarsa, ita ta kama shi yana juyewa. Washegari ta kunna ƙwai ɗaya, ta rufe mini idon hagu da tafinta.

"Baba, wane launi?"

"Ɗorawa."

Ta koma na dama. "Yanzu fa?"

Na ƙura ido. Hayaƙi kawai nake gani.

A asibitin ido likita ta haska mini wata 'yar fitila. Na tambaye ta wane irin ƙwai ne a ciki, a matsayina na abokin sana'a. Ta ce irin ƙwan ne, amma nasu zaɓaɓɓe, don kada fitila ta yi musu ƙaryar launi. Ta ce yanar ido ce gare ni, ta nuna sosai. Aka cire.

Ran da aka kwance bandeji na ga rigata fara fat, wadda na daɗe ina yi wa mai ɗakina mitar wanki a kanta. Na dubi gashin da ya leƙo ta ɗankwalinta, na tambayi yaushe ta yi furfura haka. Ta ce tun ina zaɓen fitila.

Har yau in surukina ya yi saurin cewa haka ne Baba, sai in aika a kira mini auta.