Akwatin Audu Zai Rushe Mana Ɗaki

Don Allah ku saurare ni yanzu! Malam, rubuta maza.

Ɗana Audu ya dawo daga Kaduna da rediyo mai faifai da akwatunan sauti uku. Biyu na siririyar murya, babban wai na gurnani ne kawai. Ya kafa shi a kusurwar ɗakina, ya jona batirin mota. Yana kunnawa ƙasa ta dinga zubowa daga azara, bango ya tsage daidai inda jikata take kwana.

Na ce, "Audu, ginin ƙasa ne fa, ya sha damina!"

Ya ce, "Inna, a kusurwa ya fi daɗi."

Ni kam ba ya jin tawa. Jama'a, yaya zan yi? A fara gaya wa kawunsa Tanko na Kusasu, shi ya gina ɗakin.