Gawo Ukun Iya Dije

A ƙauyenmu, gabas da Filinge, da kara muke jin ɗumi lokacin sanyi, don itace ya yi wuya tun ina yaro. Da an gama tuwo sai mu kewaye kakarmu, Iya Dije, tana tura kara cikin wuta da ƙafarta. Ta iya labarin Gizo kamar a gidansa ta girma, har muryarsa takan yi mu yi ta dariya. Amma ranar da ranta ya ɓaci, sai ta gyara zama ta ce, "Ku matso, yau ta Mai Takalmi ce." Duk mun san wa take nufi: ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, Alhaji Gado, wanda ta goya a bayanta bayan rasuwar uwarsu.

Takan ce wai an yi wani yaro a nan yankinmu na Kurfai, ya tafi soja ba takalmi, ya dawo da takalmi mai ƙara. Bai zauna ba, ya wuce Yamai ya yi karatun shari'a ya zama lauya. Da aikin baki ya ishe shi sai ya sayi kamiyo, babbar motar kaya, yana kwasar icce da azara daga daji yana kai wa mutanen birni. Daga nan ya tsaya zaɓe, ya ci, ya zama babba a gunduma. Komai ya taɓa sai ya yi kyau, in ji ta, sai dai zumunci.

Gonar da mijinta ya bar mata tana maƙwabtaka da tasa. A ƙasarmu ba a rubuta iyaka, itatuwa ake bari su tsaya shaida, kuma gawo uku ne tsakaninsu. Wata rana ya zo har ɗakinta, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce yana roƙon gawon nan ya yi rufin masallaci. Yaya za ta hana ɗan da ta goya, balle an ambaci ɗakin Allah? Ta ce ya sara. Ya sare, har kututturan ya sa aka tone, wai kada su karya garma. Ita kuwa har albarka ta sa masa.

Damina biyu bayan haka, 'yan ƙwadagonsa suka shuka gero har tsakiyar gonarta. Ta kai ƙara. A gaban alƙali ya yi ta zuba Faransanci, sannan ya juyo ya ce, "Yaya, nuna musu iyakar." Da aka je gona ta ɗaga hannu ta nuna, babu komai sai fili. Dattawan da suka sani kuwa duk sun sunkuyar da kai, don 'ya'yansu a kamiyonsa suke ci. A nan takan tsaya, ba ta rufewa da ƙurunƙus, sai ta ce mu tashi mu wanke ƙafa.

Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne mugu ba ya gamawa lafiya. Na yi ta jira. Wallahi har yau haushin jiran nan nake ji, don mutumin nan lafiya lau ya tsufa, ana yi masa kirari a kasuwar Baleyara.

Ina da shekara talatin ciwo ya kwantar da ita. Ta kama hannuna ta ce, "In na tahi, kada a ruhe ni da iccenai." Na ce to, Iya. Ranar da ta rasu, kafin a gama wanka kamiyonsa ya tsaya a ƙofar gida, da icce yankakke daidai faɗin kabari. A kewayen ƙauyen babu sauran itacen kirki da za a sara, rana ta yi tsaka, jama'a na jira, shi kuma ga shi a sahun gaba yana share hawaye. Na dubi kawunaina, kowa ya kau da ido.

Na daɗe ina zagin dattawan nan da suka sunkuyar da kai a gona. Tun ranar na daina, don ni aka miƙo wa iccen, kuma da hannuna na jera mata shi.