Takardar Tsire a Motar Maiyama

Ko me zan manta a duniya, ban da yammacin da na ga rubutuna an naɗe tsire da shi a tashar Jega.

Shekaru na yi ina bin manoman albasa daga Aliero zuwa Gumbin Kure, ina binciken yadda gayya ke mutuwa. Binciken ya ƙare a kan kantar littattafai cikin Turanci, ƙura tana cinsa. Shi ya sa ni da abokaina muka kafa 'yar mujalla da Hausa, don maganar mutane ta koma wurinsu. Amma masu saye ba su taka kara sun karya ba, har na ƙudurta daga fitowar nan na daina.

Ranar na shiga motar Maiyama, sai wani ɗan kasuwa ya zauna kusa da ni da ƙunshin tsire. Yana buɗewa na gane shafina, mai ya jiƙe shi sharkaf. Wallahi raina ya ɓaci. Na juya ga taga, gonaki kore shar suna wucewa a hankali, rana ta yi laushi, gyangyaɗi ya fara ɗibata.

Kamar a mafarki na ji ana karanta kalmomina. Mutumin ne, ya cinye namansa ya koma kan takardar. Ya zo inda wani dattijo, wanda ban sa sunansa ba, ya ce tun da aka koma ɗaukar 'yan ƙodago, maƙwabci bai ƙara sanin ɗanɗanon furar maƙwabcinsa ba.

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ɗana, maimaita wurin ga."

Ya maimaita.

Ta ce, "Malam na. Maigidana na, Allah shi jiƙanai. Kullum haka shika cewa."

Sai a lokacin na san dattijon ya rasu. Direba ya ce shi ma ubansa da gayya ya yi noma, nan fa hira ta ɓarke.

Da tsohuwar za ta sauka ta roƙi takardar. Ba ta iya karatu ba, amma ta ninke ta da manta da yajinta, ta ƙulle a bakin zane.

Ban ce mata ni na rubuta ba. Mujallar kuwa ban daina ba. Ranar na koyi cewa bincike bai ƙare ba sai ya koma hannun masu shi, ko da a takardar tsire ne.