Notoci Takwas na Murfin Inji

A shekarar da aka mai da ni koyarwa Baure na sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, don in riƙa kwana a gida Daura in kama hanya da sassafe. Ta yi mini wata biyar lafiya lau. Sai wata rana na fara jin ƙauri yana shigowa ta taga. Na buɗe bonet, na ga baƙin mai yana tsattsafowa ta gefen murfin da ke saman inji, yana gangarowa kan ƙarfe mai zafi yana hayaƙi. Da na duba da kyau, cikin notoci takwas da ke riƙe da murfin, ɗaya babu.

Ban faɗa wa kowa ba. Na shiga ɗaki na zazzage akwatin tarkacena, na samo wani noti da ya rage daga tsohon babur ɗina. Na zura shi, ya shiga. Na sa filaya na murɗa shi har ya tsaya, sannan na bi sauran bakwai na ƙara musu ɗauri iya ƙarfina. Washegari kafin in kai Baure, man ya jiƙe gefen injin gaba ɗaya.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani tsohon bakanike a hanyar Mai'adua, a ƙarƙashin wata darbejiya. Ranar Asabar da hantsi na je. Na tarar da dattijo siriri mai furfura, yana wanke sifanoni a cikin kwanon fetur. Idonsa na hagu ya yi yana, na dama ma sai ya kawo abu kusa yake gani. Na so in juya, amma na riga na yi sallama.

"Baba, mai take zubarwa ta sama," na ce.

"To, Malam. Bari ta huce tukuna. Zauna."

Da injin ya yi sanyi, ya yago kwali ya zana siffar murfin da gawayi, ya huda rami takwas. Duk notin da ya kwance sai ya soke shi a ramin da ya yi daidai da inda ya fito. Da ya ɗaga murfin, ya ciro gasket ɗin, wato robar da ke tsakanin murfin da inji. Ta bushe ƙamas, ta tsage a wuri biyu.

"Wannan ta gama aikinta," ya ce. "Amma ba ita kaɗai ba ce."

Ya riƙa ɗaukar notocin ɗaya bayan ɗaya yana shafa su da babban yatsa, ko kallonsu ba ya yi. Da ya zo kan nawa na babur sai ya tsaya. Ya jera shi da wani, ya miƙo mini.

"Ka ga ya fi su tsawo? Ya kai ƙasan rami ya tokare. Mai ɗaurewa zai ji ya yi tauri, alhali bai danne murfin ba. Kuma babu 'yar robar da ke ƙarƙashin kansa."

Ya kuma ware wasu biyu. Ya mirgina su a kan wani fasasshen gilashin mota, na ga suna tafiya suna rangaji. Ɗaurin da na yi musu ya ja su har wuyansu ya sirance.

Muka hau acaɓa zuwa shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Yana ganin dattijon ya tashi ya ba shi kujerarsa. Ya kawo gasket sabuwa, ya kuma kawo notoci masu ƙyalli a leda. Dattijon ya shafa ɗaya, ya gwada da tsohon da ya riƙo, ya girgiza kai.

"Kaurin ɗaya ne, amma zaren jikinsa ya fi faɗi. In na tilasta shi zai cinye ramin."

Ni dai a idona duk ɗaya suke. Mai shagon bai yi musu ba. Ya juye wani gwangwanin tsofaffin notoci a faranti, su biyu suka duƙufa suna tsinta. Aka sami biyu. Na ukun ya gagara.

"Baba, ko mu sa ɗaya daga cikin sababbin nan?" na ce, don rana ta fara zafi.

"Malam, motarka ce. Amma ba da hannuna ba."

Mai shagon ya ce mu jira. Ya ɗauki sifana ya zaga bayan shago, inda yake da wani mataccen inji irin nawa a ƙarƙashin buhu. Can sai ga shi hannunsa baƙi ƙirin, da noti ɗaya da 'yar robarsa. Dattijon ya shafa, ya yi murmushi, ya ce, "Wannan ɗan gida ne."

Da muka koma ya kankare bakin injin tas, ya goge kowane rami da tsinke da tsumma. Ya kwantar da gasket, ya ɗora murfi. Kowane noti da yatsu ya fara murɗa shi, har sai ya ji ya zauna da kansa. Sannan ya ɗauki ƙaramar sifana, ya riƙe ta can kusa da kai don kada ƙarfi ya yi yawa. Ya fara daga tsakiya, ya tsallaka ɗaya ɓangaren, ya dawo, yana fita zuwa gefe a hankali. Sau uku ya zagaya, kowane zagaye ɗan kaɗan. A na ƙarshe ya kama hannuna ya ɗora a kan nasa.

"Ka ji nan? Da ya ce ya isa, ka ƙyale shi."

Na ji kuwa. Ko rabin ƙarfin da na sa bai kai ba. A nan kunya ta ishe ni, na ce, "Baba, ni ne fa na sa dogon nan. Ni na ɗaure sauran."

"Na sani," ya ce, yana goge hannu. "Na ji haƙoran filaya a kawunansu. Bakanike ba ya ɗaure noti da filaya. Ai ka yi ƙoƙari da ka lura ɗaya ya ɓata, wasu sai inji ya buga suke zuwa."

Ya tayar da motar, ya bar ta ta yi zafi, ya ce in dawo bayan mako guda. Na yi ta zirga-zirgata tsakanin Daura da Baure babu ƙauri. Da Asabar ta zagayo na koma. Ya zagaye bakin murfin da yatsa, ya nuna mini, a bushe. Ya taɓa kowane noti da sifana, bai ƙara wa ko ɗaya ba. Muna cikin gaisawa wata motar ɗaukar awaki ta shigo tana tari, direban ya leƙo yana kiransa. Ya rufe mini bonet, ya ce in gaida gida, ya nufi wajenta.